Bargon da Kika Bar Mini Tsakiyarsa

Zuwa ga aminiyata Asabe mai allura, wadda ta riga ni kwanta dama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce dai Yalwa ta Gyaɗi-Gyaɗi. Da hannuna nake rubutun nan, da ɗan bokon da muka tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda kike gyangyaɗi ni ina kwafa miki. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, biro ba allura ba ne.

Labarin gari dai, sojan da kika ce sai kin gani da idonki za ki yarda, to sun koma bariki, farar hula sun hau. Ke ce ba ki jira ba. Mu kam abin da muka gani a ƙasa shi ne atamfar jam'iyya mai hotunan 'yan takara, kowane tela shagonsa cike da ragowarta. Dabarar nan taki nake yi har yau, ta kifa fuskokinsu a cikin bargo a maimakon auduga. Kullum sai na tuna abin da kike cewa: "Kwanta ciki Alhaji, ka ɗumama talaka ko sau ɗaya ne."

Amma ba siyasa ta sa na ɗauki biro ba. Ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara.

Kin san tun muna da ƙarfinmu ba ki taɓa barina na sha iska ba. Tare muke tafiya shagon Maman Ngozi a kasuwar Tarauni mu kwaso ƙyallaye, amma guntun shadda da leshi kullum a ƙarƙashin kekenta na ɗinki take ɓoye miki su, ni a cika mini leda da tetiron kamar mai ɗinka wa 'yan firamare riga. In na yi magana ta ce, "Mama Asabe hannunta akwai sanyi." To ni nawa garwashi ne?

Mu zauna a tsakar gidanki, zare ɗaya, ƙyalle ɗaya, rana ɗaya take dukanmu. Na gama bargona na baza, mata su ce, "Sannu da ƙoƙari, Yalwa." Ki baza naki, su yi shiru tukuna, sannan wata ta ce a ba ta kujera. Takun allurarki kamar jerin tururuwa, ba wadda ta fi wata tsawo. Na sha juya aikinki ta baya in kin shiga kicin, ina neman kuskure ɗaya da zan tafi da shi gida na ji daɗi. Ban taɓa samu ba. Abin haushi kuma sai ki fito da kwanon ɗanwake ki ce, "Kin gama binciken? To wanke hannu."

Sai taurin kanki. Duk mai haɗa bargon ƙyalle a garin nan daga tsakiya take farawa, tana faɗaɗawa har ta kai baki. Ke kaɗai ce kike fara ɗinke baki kewaye, sannan ki riƙa cikowa ciki. Na yi miki faɗa har na gaji, kika ce ai sai an ja katanga ake gina ɗaki. Mutane gamammen aiki suke gani, ba wanda ya san wannan hali naki sai ni da nake zaune kusa da gwiwarki.

To, an sa ranar takwararki Sa'a, jikata ta cikina, wadda na sa aka raɗa wa sunanki na yanka don tsabar wautata. Tun tana makaranta nake haɗa mata bargon aure. Zanen haihuwar uwarta yana ciki, da guntun rigar kakanta, da shuɗin nan na rini da na hana kowa taɓawa. Na ɗauko na baza mata ina jiran guɗa. Yarinyar nan ta shafa, ta ce, "Kai, Inna, ya yi kyau. Wannan shi zan riƙa shimfiɗa wa baƙi."

Baƙi, Asabe! Su taka da ƙafa, yara su zubar da kunu.

Sai ta jawo wani ƙunshi daga jakarta, ɗaure da tsohon ɗankwalinki. Ashe lokacin da kike kwance, ina zarya a acaɓa ina kai miki fura, ke kina nan kina ɗinka mata naki a ɓoye. 'Yarki ce ta ba ta bayan sadakar arba'in. Sa'a ko kwancewa ba ta iya yi ba saboda kuka. Ta ɗora mini a cinya ta ce an ce ba ki gama ba, ni za ta roƙa na ƙarasa, don shi take so a gani a kan gadonta ranar ganin ɗaki.

Na ce mata to. Amma Allah ya sani, ranar tuwo bai wuce mini ba. Mace tana kabari tana kayar da ni a ɗakin jikata.

Da ta tafi na kwance ƙunshin. Kamar kullum, baki kika ɗinke kewaye, tsakiya fayau ba komai sai shafin ciki. Na ɗaga shi a rana don na sha haushina da kyau, sai na ga abin da na yi shekara da shekaru ina nema. Taku ya karkace, Asabe. Nan dogo, can gajere, wani wuri kin ɗinka sau biyu, wani wuri kin tsallake. Kusurwa ɗaya ma ta tattare kamar bakin jaka. Na zaci zan yi murna. Na zauna ina jiran murnar, ba ta zo ba.

Na ɗauko reza zan farke na gyara miki. A kusurwar ƙarshe na tarar da allurarki a soke, da zarenta, ta fara tsatsa. Na mayar da reza cikin gwangwani.

Sai kuma tsohon halina ya motsa. Na ce to, yau ga fili ga mai doki. Tunda tsakiya kika bar mini, a nan Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi za su san wace ce Yalwa. Na je na tsare Maman Ngozi sai da ta fito da shaddar ƙarƙashin keke. Na yanka ƙyallaye ƙanana kamar ganyen zogale, na jera su suna juyawa kamar faifai. In taku ɗaya ya fi ɗan'uwansa na farke. Yatsana ya yi kanta, wuyana ya ƙage, surukata tana cewa Inna ki huta, ina cewa ki kula da tukunyarki. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ɗinki irin wannan ba.

Ranar ganin ɗaki na ci ado, na zauna bakin gado inda kowa zai same ni. Mata suka cika ɗakin. Suka yi shirun nan da ake yi wa aikinki. Na gyara zama.

Hajiya Delu, ƙanwar kakar ango, mai bakin nan kamar almakashi, ta ɗora hannu a tsakiyar bargon, a kan aikina, ta ce, "Allahu akbar, Asabe! Ku dubi hannu. An tafi da allura kabari." Ɗaki ya ɗauki salati, wasu har da hawaye. Sannan ta bi da yatsa zuwa baki, ta kama kusurwar nan da ta tattare, ta ce, "Ga inda Yalwa ta karɓa nan. To, ai ta yi ƙoƙari, ido ne ya tafi."

Wallahi Asabe, maganar ta zo mini har kan harshe. Kalma kaɗan ce: tsakiya tawa ce. Da na faɗa, da yau sunana ake yi daga nan har Daurawa. Amma in tsakiya tawa ce, baki na wa ke nan? Sai a tafi gida ana cewa ashe hannun Asabe ya lalace kafin ta tafi. Na dubi Sa'a, tana rungume da gefen bargon tana murmushi cikin lulluɓi. Na ce, "Hajiya Delu, tsufa ne, wa ya isa ya bi sawun Asabe?" Na haɗiye sauran da ruwan zoɓo.

Kin ga abin da kika jawo mini. Yanzu duk unguwa an san idon Yalwa ya mutu. Masu kawo mini aikin jarirai sun fara yi mini magana da ƙarfi, kamar ido da kunne hanyarsu ɗaya. Shekaranjiya takwararki ta zo da angonta, sun sayo mini tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ni da nake zura zare a allura kafin a ce kwabo! Na karɓa na sa musu albarka. In na ji sallamarta sai na lalubo shi na maƙala, na riƙa ganin mutum biyu a wuri ɗaya, ina tuntuɓe da buta. Ita kuwa sai murna take, wai Inna ta samu lafiya.

Ke kaɗai na gaya wa. Duk wanda ya leƙa takardar nan ya kai gulma Tarauni, zan ce ban san zancen ba, makauniya ina ta ga rubutu.

Har yanzu ina jin haushinki, kada ki zaci na huce. Amma in na zauna ɗinki na ɗaga kai zan nuna wa wani abin da na yi, sai na rasa wadda zan nuna wa don ta ji haushi. Wannan ya fi ciwo, 'yar'uwa.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Yadda aka rufa miki asiri a ɗakin Sa'a, Allah ya rufa mana baki ɗaya ranar da ba mai rufawa sai shi. Ya ba takwararki zaman lafiya a ƙarƙashin bargonmu. In tawa ta zo, ya sa na cika da imani. Amin.

Taki har kullum,
Yalwa mai tabarau, Gyaɗi-Gyaɗi.