Alƙaluman Baba Sun Karkace

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Mu nan sai godiyar Allah.

Ba zan ja ki da nisa ba. Ki nemo mota ƙarshen wata a zo a ɗauke injin sassaƙa alƙaluman nan daga shagona, na bar miki shi. Hannuna ya mutu, Auta. Shekara arba'in da ɗaya ina juya katako a kansa, ban taɓa yin alƙalamin da zan ji kunyar miƙa wa mutum ba sai bana. Goma sha ɗaya a jere, duk karkatattu. Inda katako ya haɗu da zoben ƙarfe, gefe ɗaya tudu, ɗaya kwari, har farce yana maƙalewa. Na sa ɗaya a ambulan ki gani da idonki. Gara in sauka da girmana tun mutane ba su fara karɓa don tausayi ba.

Kada ki kira ni a waya kan wannan magana. Ki rubuto.

Mahaifinki.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, a gaishe mini da Mama.

Haba Baba! Wane hannu ne ya mutu? Na kai alƙalamin masana'antar kujerun da nake aiki, na miƙa wa shugabanmu. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce wace irin samfefa aka goga masa ya yi santsi haka? Na ce ko ɗaya, bakin cizal ɗin sassaƙa ne kawai, aikin babana ne. Wallahi ranar da ƙyar kaina ya wuce ta ƙofa. Hannun da ke rawa yakan bar zane a jikin katako, wannan kuwa sumul yake. Yankan daidai ne, abin da ake yankawa ne ba ya juyawa daidai.

Injuna goma sha huɗu nake saitawa a nan, kuma duk da abin da ka koya mini nake cin abinci. To yau ka yi haƙuri ɗaliba ta ba malami aikin gida. Ka cire komai, ka turo gindin injin har tsininsa ya kusa sumbatar tsinin kan injin, ka sa reza a tsakani. In ta tsaya a miƙe, saitinsu ɗaya. In ta kwanta, ga ɓarawon nan. Sannan ka goge ramin da tsinken ƙarfe yake shiga, ko 'yar ƙwayar dusar katako ta isa ta karkatar da shi. Shi kuma tsinken da kake zura katakon a jikinsa, ka mirgina shi a kan gilashi ka ga ko zai yi ɗingishi.

Ruwa ba ya tsami banza. Mota kuwa ban ma nema ba.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi aikin gida, Malama.

Reza ta tsaya cak kamar soja. Ramin na goge shi har yana ƙyalli. Amma tsinken, da na ɗora shi a kan gilashin tagar da na ciro (Mamanki har yanzu ba ta huce ba), sai ga shi yana tafiya yana ɗingishi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce yarinyar nan da take tsayawa kan akwati kafin ta hango bakin cizal, yau ita ke kama ɓarawo daga nesa.

Sai dai murnar ba ta yi tsawon rai ba. Na samo sabon tsinke, na gwada shi a gilashin, miƙaƙƙe sak, zobban da ke riƙe katakon kuma sun zauna masa ɗas, ba lilo. Alƙalami na farko ya fito lafiya. Na biyu da ɗan dama. Na uku ya koma gidan jiya. Na cire tsinken na mirgina, shi ma ya lanƙwashe. Inji lafiya, ƙarfe sabo, to saura wa? Ni ne dai. Ki turo motar.

Mahaifinki.

*

Auta 'yata,

Ni ce Mamanki. Na soka wannan takarda a ambulan ɗin Babanki bai sani ba, kada ki tona ni. Ina gaishe ku duka.

Ni ban san kan inji ba balle gindinsa, amma shekara arba'in bango ɗaya ne tsakanin ɗakin girkina da shagonsa. Da, injin nan guɗa yake yi a hankali, har ina gane ya kusa gama alƙalami in ɗora ruwan shayi. Yanzu kuwa nishi yake kamar an shaƙe shi. Na leƙa na gan shi ya kara kunne a jikin ƙarfen, yana ta murɗa abin murɗawar nan, yana murɗawa, fuska a murtuke.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babanki ba ya ji sosai, ya fi shekara. Sai in yi sallama sau uku, ya waigo ya ce me ya sa nake shigowa kamar mage. In kin kira don ya ji muryar jikarsa, sai ya ce hannunsa da mai, ya miƙo mini wayar, ya zauna yana kallon bakina. Na yi maganar asibiti, ya ce kunnensa ya fi nawa. Tausayinsa nake ji, Auta, kuma haushinsa nake ji. Ko wannan yana da alaƙa da alƙaluman, ke kika sani.

Mamanki.

*

Baba,

Assalamu alaikum, tare da girmamawa.

Ka tuna yadda ka koya mini ɗaure tsinke? Ka ce kada in dubi hannuna, in saurara. In riƙa murɗa gindin injin a hankali, da zarar tsinin ya kama tsinken ya fara juyawa tare da shi, ƙarar za ta sauya, to nan ake tsayawa. Na yi aiki da masu takardu iri-iri, ban ga wanda yake saita inji da kunne ba sai kai.

Baba, ka gafarce ni, zan faɗa kai tsaye. Ƙarar tana sauyawa, kai ne ba ka jin ta. Kana jiran ta kana ƙara murɗawa, tsinin yana danne tsinken har ya gantsare. Shi ya sa na farko ya fito lafiya, na uku ya karkace. Ko tsinke ɗari ka sa, haka za su ƙare.

Na zauna na yi kuka da na gane, ba zan ɓoye maka ba. Mutum yana sassaƙa a kan ƙarfen da ke lilo, amma yankansa ya fito ba zane ko ɗaya! Wannan hannun ne kake cewa ya mutu?

Ka sa sabon tsinke. Kafin ka kunna inji, ka ɗora yatsa a kan tsinin, ka juya tsinken da ɗaya hannun kana murɗawa kaɗan-kaɗan. Da ka ji tsinin ya motsa a ƙarƙashin yatsanka, tsaya. Ka shata wurin da alli. Notin da ke matse zobban ma da yatsa biyu kawai.

In ka yi fushi da ni, na ɗauka. Amma ka gwada tukuna.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Na yi fushin, kwana biyu. Rana ta uku na gwada.

Shida na yi, duk sun zauna, farce yana wucewa bai san ya wuce ba. Injin yana nan inda yake, kada wanda ya taɓa mini shi.

Mamanki ta ce ba ruwanta, tun ban tambaye ta ba.

Ki zo ƙarshen watan ki raka ni wurin likitan kunnen. Ki taho da yarinyar. An ce ta iya cewa Kaka, ni ban taɓa ji ba. Ki zaunar da ita ta hannun damana, kunnen can ne da ɗan saura.

Mahaifinki.