Makin da Arlen Ya Bari

Anti Marjorie, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai ce baƙin ciki ya taɓa min kai ba.

Mijina Arlen ya rasu a watan Maris. Zuciyarsa ce ta buga, yana cikin mota a ƙofar gidan da zai yi wa rufi. Shi da ƙaninsa Wendell suke da kamfanin rufin gidaje a nan Duluth, rabi da rabi. Duk abin da kamfani zai saya, kwano ne, ƙusa ce, man mota ne, da katin bashin kamfani Arlen yake biya, saboda makin tafiya da banki ke ba shi a kan kowace dala, wanda ake musanyawa da tikitin jirgi. Mutumin da ba ya tuna ranar aurenmu, amma ko daga barci ki tashe shi zai gaya miki makinsa nawa ne.

Norway za mu je, ƙasar kakansa. Makin ya daɗe da isa ya kai mu ya dawo da mu, amma Arlen ya kafe. Wai aikin rufi ya cinye masa baya, ba zai iya zaman kujerun baya na jirgi ba, sai irin wadda ake miƙewa a kwanta, kuma guda biyu kusa da juna. Kullum sai baɗi. Har fasfona ya ƙare na sabunta, yana nan cikin durowa ko tambari ɗaya babu.

Katin da sunansa yake, kuma har yau ban gaya wa banki ya rasu ba. Na san lambar sirrinsa. Kowace safiya in na haɗa kofi sai in shiga asusunsa a intanet, su gaishe ni da sunansa, in zauna ina kallon makin ina kuka, wata rana kuma in yi ta zaginsa.

Ranar Lahadi bayan coci muna cin abinci Wendell ya ce lauya ya ce dole a rufe katin a wannan watan, kuma kuɗin kamfani ne ya tara makin, don haka rabi nasa ne. Saura kaɗan in watsa masa miya. Alhali shi ya ɗauki akwatin gawar, shi ya kwashe min ƙanƙara a ƙofar gida har sanyi ya wuce. Ƙawata ta ce in aka rufe katin makin zai iya bin iska. Zuciyata na ce min in shiga da sunan Arlen in yanki tikiti kafin kowa ya farga. Abin da ya rage min na alkawarinsa ke nan. Yaya zan yi?

Matar Marigayi, Duluth

'Yar'uwa, ina yi miki ta'aziyya. Allah Ya ba ki haƙuri.

Kada ki yanki tikitin nan da sunansa. In banki ya gane an taɓa asusun bayan rasuwar mai shi, zai iya soke tikitin ya rufe makin gaba ɗaya, kuma ki tashi da abin da za ki yi wa lauya bayani. Ki daina shiga ma.

Wendell bai yi ƙarya ba, da guminsa a cikin makin nan. Ke ma kina da gaskiyarki, domin da shekarunki aka tara shi. Kuma ki tuna shi ma wansa ya binne. Ki same shi ku biyu kawai, ba a kan teburin Lahadi ba, ki gaya masa labarin fasfon. Kada ki nemi maki, ki nemi tikiti ɗaya zuwa Norway, saura a yi yadda lauya ya ce.

Daga nan ku kira banki tare, takardar shaidar rasuwa a hannu, ku tambayi ƙa'idarsu kafin a rufe komai. Bankuna sun bambanta. Wasu kan ba magada lokaci, wasu ba sa bayarwa. Ba zan ɓoye miki ba, makin zai iya salwanta. In hakan ta faru, ki sayi tikiti da kuɗinki.

Ko ta wace hanya, ki tafi bana. Arlen ya tsaya jiran kujerar kwanciya har lokaci ya ƙure masa. Ke ki karɓi ta baya, ko da kusa da banɗaki ce, kuma ki shirya wa ranki cewa baƙo ne zai zauna a ta kusa da ke.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Anti Marjorie