Wanda Ya Zauna a Gona

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Anti Saratu da yara. Yaya ƙafar Mama? Yaya damina?

Ranar Asabar wata tsohuwa 'yar cocinmu ta gayyace ni maƙabartar danginsu a McLeansville. Na ɗaura baƙin zane na tafi ta'aziyya, sai na tarar ana cin kaza ana dariya! Ashe taron zumunci ne na shekara-shekara.

Ta ce mini, "Rifkatu, a zamanin kakannin kakanninmu, danginmu suka ɗora kaya a keken shanu suka yi yamma neman gonaki da zinariya, jirgin ƙasa ya zo ya kwashe sauran. Mutum ɗaya ya zauna nan, ana masa kallon wawa. Yau jikokin waɗanda suka tafi, gonarsa suke dawowa."

Nan take na tuna da kai. Duk mun watse, kai ka riƙe gonar Baba da kabarinsa. Na gode, Yaya. Masu son sayenta ka ba su haƙuri, yarana ma suna bukatar inda za su koma.

A sa mu a addu'a. Ka gai da Mama.

Ƙanwarka,
Rifkatu