Darasin Ranar Talata

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Talata biyu ke nan na share tebur, na fito da kujera, ba ki zo darasi ba. Ga takardarki ta ƙarshe na ba mai kawo mini ruwa ya miƙa miki. Ki duba jan biro. Nas guda, mai neman aiki a asibitin ƙasar waje, amma har yau "rise" da "raise" suna yi mata kama da tagwaye. A zamaninmu ɗan aji uku ba ya wannan kwaɓa. Kada ki kusanci jarrabawar Turancin nan bana, kuɗinki za ki zubar.

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Jarrabawa na riga na zauna tun watan jiya ban faɗa maka ba, kuma na ci. Kafin nan na nuna wa wata likitar sashenmu takardun da ka yi wa jina-jina. Ta ce cikin goma da ka soke, tara daidai suke. Bara ma haka ka hana ni shiga. Me na yi maka?

'Yarka.

Uwata,

Ina amsawa. Likita! Ta tsaya ga allurarta. Waɗannan da suka koyi Turanci a waya, wa ya aike su? Masu jarrabawar kuma, in dai irin na yanzu ne, ko akuya ta zauna sai sun ba ta takarda.

Taran nan na san daidai suke. Shekara talatin da huɗu ina koyarwa, ba a yi wanda zai nuna mini ba. Abin da na gani a shekarun nan shi ne, ɗalibin da ya iya ba ya dawowa. 'Ya'yan cikina sun iya, kin ga ƙafar ɗayansu a ɗakin nan? Ki zo Talata, akwai sauran "lie" da "lay".

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na samu aikin, jirgina Litinin ne. Da ka ce mini zaman kaɗaici ne ya ishe ka, da na riƙa zuwa ba ko takarda, har da Juma'a. Shekara guda ka ci mini. Na bar wa mai kemis kuɗin maganinka na wata uku. In na huce zan aiko da adireshi.

'Yarka.