Bunsurun Baba Yoila

Lahadi, 14 ga Disamba, 2014

Baba Yoila ya zo bayan an tashi daga coci. Tun da Babanmu ya rasu a watan Oktoba bai fasa ba, duk Lahadi sai ya taso daga Gomari zuwa nan Bulabulin, ya gaida Ya, mahaifiyarmu, daga bayan labule tunda tana takaba, ya sha shayi ya koma.

Shekara ashirin da shida Baba ne ke yanka masa bunsurun Kirsimeti, don mu ma mu ci hankali kwance. Mu kuma cinyar ragon layyarmu tasu ce. Ko da suka tashi daga maƙwabtaka da mu shekara biyu da suka wuce, ba a daina ba.

Da zai tafi ya ce, "Bunsurun bana ya iso. Hashim, ranar jajibere da hantsi ka zo da wuƙar mahaifinku."

Hashim, ƙanena. Ina zaune a gabansa. Ni na zuba masa shayin.

Litinin, 15 ga Disamba

Bari in jera abin yadda yake. Ni ne babba, na girme shi da shekara bakwai. Ni na karɓi gaisuwar rasuwa. Baba Yoila da kansa ya koya mini karatu a aji uku, ya ara mini littattafai har na zama ɗan jarida. Hashim gyaran janareta yake yi, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta.

A ɗaya ɓangaren: ban taɓa yanka abin da ya wuce zakara ba. To shi fa? Rago biyu, iya sanina. Biyu ba gwaninta ba ce.

Laraba, 17 ga Disamba

Na ɗan taɓa wa Ya zancen. Ta ce, "Yoila ya san abin da yake yi." Ta ci gaba da jan carbinta.

Juma'a, 19 ga Disamba

Bayan masallaci na tarar da Hashim a tsakar gida yana wasa wuƙar, yana gwada kaifinta a gashin hannunsa kamar yadda Baba ke yi. Har karkata kan ma irin na Baba. Na ce kwance ake jan ta, ba a tsaye ba. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, a wane littafi ka karanta?" Ya da ke ɗaki ta yi dariya. Dariyarta ta farko ke nan tun Oktoba, kuma shi ya samo ta.

Matata Zainaba ta ce da ni a ɗaki, "Baban Siddiƙa, yanzu a kan bunsuru kake kumbura haka? In yanka kake so, ga zakaran can ya ishe ni da cara." Na ce ba kumbura nake ba, tsari nake magana a kai. Ta ce, "To, Allah ya ba tsari haƙuri."

Asabar, 20 ga Disamba

An ji ƙarar wani abu daga gabas da safe. Na buga waya wuri huɗu, na aika labari. Tsakanin waya da waya, bunsuru nake tunani. Abin kunya.

Litinin, 22 ga Disamba

Na je Gomari. Dalilin da na ba kaina shi ne kai musu sinasir ɗin da Ya ta sa aka yi. Ɗaki biyu suke haya a bayan wani shagon walda. Ban taɓa lura da ƙanƙantar wurin ba sai yau. Kwalayen littattafan Baba Yoila har yanzu a ɗaure suke, babu inda za a jera su. Matarsa Mama Phoebe na suyar cincin, ta cika mini hannu da mai zafi.

Na tambaye shi kai tsaye me ya sa ya zaɓi Hashim ba ni ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Mama Phoebe ce ta ce, "Faɗa masa mana. Wanda ya hana ai ya riga mu gidan gaskiya."

Rubutuna ne. Na Disambar 2012, a kan Musulmin da ke yanka wa maƙwabcinsa Kirista bunsuru a garin da ake kashe mutane don abin da bai kai haka ba. Na sa cikakken sunan Baba Yoila, na sa layin, na sa hoton ƙofar gidansa mai shuɗin fenti. An karanta shi a rediyo. Har lambar yabo aka ba ni a Abuja, tana rataye a falona.

Kwana huɗu da fitowarsa aka zura musu takarda ta ƙarƙashin wannan ƙofar. Ba su nuna mini ba, sun ƙona ta. Kafin sati ya zagayo sun bar gidan da ya gina da kuɗin sallamarsa. Hashim ne ya kwashe musu kaya a kura, sawu tara, an lulluɓe da buhunan gawayi. Ni ina Abuja. Da na dawo aka ce mini sun tashi saboda yanayi, kamar yadda kowa ke tashi, kuma ni, mai yi wa gwamnoni tambaya, ban tambaya ba. Baba ne ya ce kada wanda ya gaya mini.

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba, Imrana. Rubutun ya yi kyau, ko kuskure ɗaya ban samu ba. Amma Hashim in ya yanka zai wanke hannu ya tafi gida. Kai in ka yanka, sai duniya ta ji."

Mama Phoebe ta ƙulla mini cincin a leda, ta ce na Siddiƙa ne, kada in cinye a hanya.

Talata, 23 ga Disamba

Shekara biyu Hashim na kallon lambar nan a falona bai ce uffan ba. Ya kamata in gode masa. Abin da nake ji shi ne: har sirri ma shi Baba ya ba.

Laraba, 24 ga Disamba

Da hantsi Hashim na ɗaure wuƙar a tsumma na ce zan raka shi. Ya dube ni, ya dubi aljihuna. Na fito da wayar da ɗan littafina na ajiye a kan tabarma.

Bunsurun ƙato ne, ja, mai faɗa. Baba Yoila ya tsufa da kokawa, sai ni na danne ƙafafun baya, ya yi mini fitsari a wando. Hashim ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla. Ya ɗora wuƙar bai ja ba, ni kaɗai na gani don ni ne kusa. Na ce a hankali, "Ja kawai, na riƙe." Ya ja. Sau ɗaya.

Baba Yoila ya juya baya yana share ido. Ya ce da Hashim, "Kamar shi." Ni kuma aka miƙo mini buta.

Alhamis, 25 ga Disamba

An hana motoci fita har Lahadi, don haka a ƙafa muka je ɗauko abincin, ni da Hashim. Shingen 'yan gora masu tsaron unguwa guda biyar, kowanne sai an buɗe kula. A na uku wani ya ce shinkafar wa, Hashim ya ce ta gida ce.

Kula biyu ce. Babba ta gida: shinkafa, miya, soyayyen nama. Ƙarama ta mai yanka, wuyan bunsuru da Mama Phoebe ta dafa da yaji, rabon Baba a da. Ni na ɗauko babbar, ta fi nauyi.

Juma'a, 26 ga Disamba

Edita ya bugo tun safe. Yana son wani abu mai sanyaya zuciya daga Maiduguri, irin na waccan shekarar, ko tsohon malamin yana nan? Na ce ban san inda ya koma ba. Ya ce to wani makamancinsa fa? Na ce babu labari.

Jimlar farko ta riga ta zo mini tun a Gomari, ina riƙe da ƙafafun. Mai kyau ce ƙwarai. Ko a nan ba zan rubuta ta ba.

Hashim ya aiko mini da rabin wuyan. Har yanzu ina ganin ni ya kamata a fara tambaya, ko don in ce a ba shi.

Na ci. Yajin ya yi yawa.