Gilashin Tankin Kifina Ya Fashe

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Jidda? Mu nan Wara lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Hoton gidan kallon kifin da ka aiko ya hana ni sakat. Na gina tankin siminti a bakin tafki, na sa gilashi gefe guda, na zuba ƙarfasa da minjirya. Ranar kasuwa baƙi daga Kwantagora suna cikin kallo, gilashin ya fashe. Muka bi kifi da ƙwarya muna tsincewa, rabi ya mutu.

Inna ta ce, "Garba, kifi na miya ne, koma ga tarunka." Na ce mata jikokinta ba su taɓa ganin minjirya da rai ba sai a tankin nan, don ta yi wuya a tafki yanzu.

Na fara sabon gini. Ka tambayo mini kaurin gilashin da suke sawa can. Ka sa ni cikin addu'a idan ka je Harami. A gaida Yaya Balki da yara.

Ƙanenka,
Garba