Sarƙar da Ta Tsinke a Gaɓa ta Biyu

Talata, da hantsi.

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai da sauƙi. Ƙafar ta sake kumbura, amma tarin ya lafa.

Dogo ya rasu ranar Juma'a. Kin san al'adarmu, mu takwas da muka rage daga tsohon ofis: kowace safiya ni nake fara kiran Dogo, shi ya kira na bayansa, haka har na ƙarshe, don a tabbatar kowa ya tashi. Ni ne farkon layi, ba mai kirana, kuma tun da kika mayar da ni ɗakin nan Dogo kaɗai ke da sabuwar lambata.

Tun da littafin adireshina ya jiƙe na zuba lambobin a kwamfuta, cikin ɗan shirin da na rubuta da kaina. Sarƙa na yi: kowace gaɓa tana riƙe da suna da lamba, tana nuna wadda ke bayanta. Jiya na zauna in cire Dogo. Kamata ya yi in fara haɗa gaɓata da ta uku, sannan in cire tasa. Amma sai na fara cire tasa. Shi kuwa harshen kwamfutar da na rubuta shirin da shi, duk abin da ba mai nuna shi sharewa yake yi. Lambobin mutum shida suka tafi, kuma shirin ya adana a kan tsohon fayil.

Na ɗauka ina da kwafi. Ashe suna na biyu kawai na ba sarƙar, sunayen biyu abu ɗaya suke nunawa. Shekara talatin ina yi wa ma'aikata faɗa a kan wannan kuskuren.

Na uku shi ne Mai Agogo, shi kaɗai yake zaune, ga ciwon zuciya. Kwana huɗu ba wanda ya kira shi, bai ma san an yi rasuwa ba.

Ki roƙi maigidanki ya zo Alhamis, ko zai iya tono tsohon fayil ɗin. Ban kashe kwamfutar ba, don kada abin da ya rage ya ɓace.

Mahaifinki.

Ƙarin bayani, Alhamis da yamma: ban sami mai kai wasiƙar ba sai na yi wa maigidanki waya, ya ce yana tafe. Na share kujera, na dafa shayi sau biyu. Bai zo ba.